Barka da Sallah daga Seoul

Baba, Umma, da duk mutanen gida,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya.

Yanzu shida na yamma ta gota a nan, ku kuma goma na safe ke nan, da yake awa takwas muke gaba da ku. Ina zaune ina ƙiyasta gidan. Baba ya sauko daga Idi yana zaure ana ta shigowa gaisuwa, Umma na gaban tanda, an jera kwanuka a tsakar gida ana neman murfin nan mai ruwan ɗorawa da kullum sai ya ɓata. Tawa Sallar kuwa ta kusa ƙarewa. Da sassafe na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 6, na sauka a Itaewon, na hau tudun da babban masallaci yake, wanda aka buɗe tun 1976. An cika maƙil, 'yan Indunusiya da Pakistan da Uzbekistan da Larabawa da 'yan Koriya ƙalilan. Da aka fara kabbarori har na manta inda nake. Amma ana sallamewa kowa ya duba agogo, don a nan ba hutu, rana ce kamar kowace rana. Kafin azahar ina cikin aji. Ɗinkin da Umma ta aiko min na saka, mutum biyu suka ce ya yi kyau, ba wanda ya san dalilin saka shi.

Kada ku ɗauka kuka na kawo muku. Lafiyata ƙalau, karatu na tafiya, sanyin ma ya fara sauƙi. Labarin kallo nake so in ba ku, don shi ya ɗebe min kewa watannin nan, kuma shi ya sa yau na kasa haƙuri sai da na zauna rubutu.

Lokacin hutun hunturu, kafin azumi, malamarmu ta harshen Koriya ta ce in muna so kunnenmu ya buɗe mu riƙa kallon shirye-shiryensu masu dogon zango. Ni Jumong kawai na sani nasu, wanda muka riƙa raba dare a kansa har Baba ya fito ya kashe talabijin. Sai ta rubuta min sunan wani, Reply 1988. Tashar tvN ce ta nuna shi daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016, kashi 20, kowanne ya kai awa ɗaya da rabi. A kwana tara na cinye shi, ina ƙudundune cikin bargo ina bin fassarar da ke gudu a ƙasan allo, a waje dusar ƙanƙara na sauka.

Babu sarki a ciki, babu yaƙi. Lungu ɗaya ne a wata unguwa da ke arewacin Seoul, Ssangmun-dong, a shekarar da garin ya karɓi gasar Olamfik. Iyali biyar, da yara biyar sa'o'in juna da suka tashi tare, mace ɗaya maza huɗu. Uban yarinyar ma'aikacin banki ne, amma ya tsaya wa abokinsa a bashi, bashin ya dawo kansa, suka ƙare a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Akwai mai shagon agogo da zinari, shi ma matarsa ta rasu, daga shi sai ɗansa tilo, gwanin wani wasa mai kama da dara da suke kira baduk.

Umma, ga wurin da ya kama ni. A kashi na farko yamma ta yi, kowace uwa ta sauke tukunya. Wannan ta zuba a kwano ta miƙa wa ɗanta, maza kai gidan su wane. Can a karɓa, a ba shi wani abu daban ya kawo gida. Kafin ya zauna an sake tura shi. Yaran suka yi ta kiciɓis a tsakiyar lungu, kowa riƙe da kwano, suna ƙunƙuni don yunwa na cinsu. Gidan mai agogon nan da ba mace a ciki, da farko teburinsu fayau yake, kafin a gama kai-komo babu wurin ajiye cokali. Wallahi tsayar da shirin na yi, na daɗe ban iya ci gaba ba.

Ai gidanmu ne ranar Sallah. Ni ce 'yar aike, tunda Yaya ya girmi ɗaukar kwano, Auta kuma bai kai ba. Har yanzu ina jin muryarki: riƙe da hannu biyu, kada ki buɗe a hanya, ki yi sallama, ki durƙusa, kada ki tsaya kallo. Na Malam ne ke fara fita, kafin kowa ya kai loma baki. Babban na Goggo ne. Na Iya ta bayan masallaci kuwa sai kin jera wainar a sama kin ɓoye naman a ƙasa, don kada ta ji nauyi a gaban mutane, kuma ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, ni ce na gani da idona. Ba kwanon da ke dawowa wayam. Kafin la'asar girkin gida goma ya haɗu a tabarmarmu, Baba ya ɗanɗana ya faɗi hannun da ya dafa, kuma da wuya ya kuskure. Ni kuma gefen mayafina ya yi nauyi da tukuici. A lokacin gani nake an takura min, ƙawayena na yawon Sallah ni ina zarya cikin rana. Yau da za a ɗora min kwano goma a ce in zaga unguwar da ƙafa, da gudu zan karɓa. Ba wainar kaɗai nake kewa ba, ko da yake ita ma ina kewarta. Ƙofofin nake kewa, yadda ko ina na shiga sai an kira sunana, an tambayi Umma, an ce Allah ya yi albarka.

A nan abinci ta waya ake saya. Mai babur ya kawo ya ajiye a bakin ƙofa, ya turo saƙo, ba ka ga fuskarsa ba. Ƙofar ma ba makulli, lambobi ake dannawa. Wata goma sha takwas ina ɗakin nan, na san lokacin da agogon maƙwabciyata ke kaɗawa da asuba, ban san sunanta ba. Na tambayi malamar tamu ko abin da na gani ƙirƙira ce, ta ce a'a, ita ma haka aka riƙa aikenta tana yarinya, amma da aka koma dogayen benaye sai abin ya yi ta raguwa. Abin da ya saura a bakinsu shi ne gaisuwa, har yau in sun damu da kai sai su ce ka ci abinci kuwa? A ƙarshen shirin iyalan nan suna tashi ɗaya bayan ɗaya, mota ta zo ta kwashi kaya, lungun ya zama kufai. Abin ya tsorata ni, don 1988 ba nisa ba ce, Baba ma ya mallaki hankalinsa a lokacin. Umma, don Allah ko unguwa duk ta daina, ke kada ki daina.

Yarinyar, Deok-sun, ita ma ta tsakiya ce kamar ni. In ƙwai biyu ya rage, na yayarta ne da ƙaninta. Bikin ranar haihuwarta ma haɗe mata ake da na yayar. Rannan ta fashe da kuka ta amayar da duk abin da ke cikinta, daga baya uban ya tare ta a waje da kek nata ita kaɗai, ya ba ta haƙuri, ya ce shi ma ba a haife shi da sanin yadda ake zama uba ba. Baba, sai na tuna Sallar da takalmina ya tsinke a hanyar gidan Goggo, ka fita da rana tsaka ba ka ce wa kowa komai ba, ka dawo da sabo. Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Na gode.

Shirin yana da nasa aibin. Sun ja zancen wanda za ta aura har ya gundure ni, ni iyayen nake son gani. Akwai kukan akuya da suke sakawa duk inda aka yi abin dariya, ya yi yawa. Ga shan giya, da wasu wurare da sai an wuce da sauri, saboda haka in za ku kalla Yaya ya riƙe rimot.

Yaya, na kalli Squid Game ɗinka da ka dame ni a kansa. Zangon farko kawai, na 2021, kashi 9. Ban musa ba, an iya aiki, kuma na gane abin da suke nufi: mutum 456 da bashi ya yi wa katutu, an ɗora musu won biliyan 45.6, kuɗin Koriya, a sama suna kallo, a ga abin da ɗan'adam zai iya yi wa ɗan'uwansa. Amma ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ci gaba ba. Wasan yara ne aka mayar da shi yanka. Wurin Ali ne ya fi ci min rai, ɗan Pakistan ɗin nan mai lamba 199 da ya zo neman na kansa, mai gidansa ya riƙe masa albashi. Ya amince da mutum har yana ce masa yaya, shi kuwa ya cika masa jaka da tsakuwa ya tafi ya bar shi. Yau a masallaci na ga masu kama da shi sun fi a ƙirga, wasu da kayan aiki a jikinsu. Ka lura da wani abu kuwa? Jarumin da wancan maci amanar duk 'yan Ssangmun-dong ne, unguwa ɗaya da masu kai-komon kwano. Na daɗe ina juya wannan a raina. Don Allah kada ka bar Auta ya kalla.

Namu na gida ban yar da su ba. Ina bin Labarina na Aminu Saira a YouTube, wani lokaci in leƙa Daɗin Kowa. Gaskiyar magana, tunda na ga yadda mutanen nan ke ɗaure labari su kwance shi a kashi 16 ko 20 su tashi, na fara jin namu na jan ƙafa, zancen da za a gama a zama ɗaya sai ya ci mako uku. Amma a nan ba don labarin kaɗai nake kunnawa ba. Sai in saka in shiga wanke-wanke, in ji an yi sallama an amsa, an ce sannu da aiki, an ce ina gajiya, ɗakin ya daina yi min shiru. Baba, har yanzu kana nan kan bakanka cewa babu kamar Kwana Casa'in? Ina tuna yadda kake nuna 'yan siyasar Alfawa da yatsa kana cewa duk ka san irinsu. Da ma wani cikin masu shirya mana fim zai ɗauki lungu ɗaya irin namu, ba gidan attajiri ba, ya bi kwano ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa ranar Sallah.

Da na dawo daga aji na sake kunna kashin farkon nan. Daga nan na tashi na soya wainar da na kwaɓa tun jiya, a kaskon suya tunda ba tanda. Ba ta tashi kamar taki ba, amma ta ciyu. Na zuba a kwanona mai murfi, na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata. Shiru. Na ajiye a bakin ƙofarta da 'yar takarda, na rubuta da Koriyancin da na iya cewa yau ranar idinmu ce, a ci lafiya. Ɗazu na leƙa, an ɗauke kwanon. Bai dawo ba tukuna.

A gaida Kaka da kyau da kyau. A ce mata turaren da ta ƙulle min a tsumma yana nan, yau na ɗan ƙona kaɗan, ina tattalinsa. A ce mata ina cin abinci, ban rame ba, kuma addu'ar da ta koya min ta fita daga gida ban taɓa tsallake ta ba. A kai mata wayar kusa da kunne anjima, muryarta nake so in ji ko ba za ta ji tawa sosai ba. A gaida Goggo, a ce 'yar aikenta na nan na kewarta. A gaida Malam, a roƙa min addu'a, jarrabawa ta matso. Iya ta bayan masallaci, yaya ƙafar? A gaida Baffa da Kawu da iyalansu, da matar Yaya, da amaryar gidan kusa da ban sani ba tukuna. Jaririyar Yaya kuwa a sumbace min ita, a turo min hotonta da kayan Sallah, na ji an ce goshin Umma ta ɗauko.

Auta, na san yanzu kai ne ɗan aike. Riƙe da hannu biyu. In ka gama zagayen ka kira ni ko ƙarfe nawa ne a nan, ka lissafa min gida-gida abin da aka zubo a kowane kwano.

Taku har kullum,
'yarku ta tsakiya