Wasiƙa daga Liverpool zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da Yaya da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, ina nan ina aikina a gidan kula da tsofaffi.

Yaya ta ce hankalinka ya tashi da ka ji a rediyo cewa mutum sama da dubu 100 sun yi gangamin ƙin baƙi a Landan a watan Satumban 2025. Haka aka yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma wallahi Baba, taron bai dame ni kamar yadda kalaman shugabanni suke damuna ba.

Ka tuna rikicin 2024, lokacin da kuka yi ta kirana. A Southport aka fara, kusa da mu. Ranar 29 ga Yuli wani matashi ya kashe yara mata uku da wuƙa, nan take aka baza a intanet wai Musulmi ne ɗan neman mafaka. Ƙarya ce, a Cardiff aka haife shi. Washegari da dare masu tarzoma suka far wa masallacin Southport da jifa, bayan 'yan kwanaki kuma suka nemi cinna wa wani otal wuta a Rotherham da masu neman mafaka a ciki. A ranakun, sai na yi ta addu'a kafin in fita da hijabina.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne Firaminista Keir Starmer bai yi kwana-kwana ba. Ya kira abin da sunansa, daba ce, ya ce hukuma za ta kare Musulmi. Kotuna suka riƙa ɗaure masu laifi cikin kwanaki, aka ƙara wa masallatai tsaro. Su ma talakawan gari sun yi abin a yaba. Maƙwabta Turawa suka fito da safe suka share titi, suka sake gina katangar masallacin Southport. A nan Liverpool, limami Adam Kelwick ya tsallaka titi da abinci a hannu ya je wurin masu zanga-zangar da suka taru a gaban masallacin Abdullah Quilliam, ya saurare su. Wannan Quilliam ɗin Baturen da ya musulunta ne, har Legas ya je a 1894 wurin buɗe masallacin Shitta-Bey. Duk ranar da na yi Juma'a a can sai in ji ni ma ina da gurbi a garin nan.

Shi ya sa na ji ciwo a watan Mayun 2025. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, mai adawa da shigowar baƙi, ta kwashi kujeru da yawa a zaɓen ƙananan hukumomi, sai ga Starmer ɗin nan dai yana cewa in ba a tsaurara shige da fice ba, Birtaniya za ta zama tsibirin da mutanensa baƙi ne ga junansu. Daga baya ya ce ya yi nadamar furucin, to amma magana zarar bunu ce. Ƙasa tana da 'yancin tsara wanda zai shigo mata, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne shugaba ya ari harshen masu ƙinmu don tsoron rasa ƙuri'a. Mu ne muke kwana a cikin abin da ya faɗa. Ɗan wata tsohuwa da nake yi wa wanka, nake ba ta abinci a baki, ya dube ni ya tambaye ni yaushe zan koma ƙasarmu. A da ko yana da shi a zuci ba zai furta ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Sadiq Khan, ɗan direban bas ɗan asalin Pakistan, sau uku mutanen Landan suna zaɓensa magajin gari, kuma bai taɓa jin kunyar cewa bambancin jinsi da addini shi ne ƙarfin birnin ba. Tun 2023 ake ƙawata tsakiyar Landan da fitilun azumi, shi da kansa yake kunna su. Yana shan zagi a kan haka, bai janye ba.

Sai maganar Auta. Don Allah Baba kada a sayar da filin nan a ba wa dillalin biza. Tun Yulin 2025 gwamnati ta rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje, duk wanda ya ce zai samo masa irin bizata cutarsa zai yi. Mu ma da muke ciki, a 2025 gwamnati ta bayyana shirin tsawaita mana jiran takardar zama na dindindin ya wuce shekara 5. Ya ƙarasa karatunsa tukuna.

Na tura kuɗin magani ta asusun Yaya. A gaishe mini da Inna da Goggo da maƙwabta, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yarka