Maganar gem ɗin nan, da girgizar da ka ce kun ji

Salam mutumina,

Ya kake ya karatu? Tun shekaranjiya na ga saƙonka, wallahi zama ne ban samu ba sai yanzu. Ka cika min waya da tambayar ko ka sayi gem ɗin nan da ya fito, sannan can ƙasa ka liƙa wai "jiya ma ƙasa ta ɗan motsa har fitila na lilo". Kai malam! Wato gem ne babbar magana, girgizar ƙasa kuma cikon layi?

To bari in fara da wanda ya dame ka. Ni dai ina ganin kar ka saya yanzu. Na kalli bidiyon waɗanda suka buga, mota na nutsewa cikin kwalta, mutum ya sandare hannu a miƙe kamar rigar da aka shanya, ana tsakiyar faɗa kuma gem ya rufe kansa. A bidiyo dariya ce, amma in kuɗinka ne a ciki ba za ka yi dariyar ba. Ni ya taɓa ci na, na sayi wani ranar da ya fito, sati biyu ina bugawa har bacci nake ragewa, rannan na kunna ya ce min abin da na ajiye ya lalace, ya mayar da ni farko, tun ranar ban ƙara taɓa shi ba.

Ka tuna Cyberpunk 2077? Disambar 2020 ya fito, matsalolinsa a PS4 suka yi yawa har Sony ta cire shi daga PlayStation Store tana mayar wa mutane kuɗinsu, sai Yunin 2021 ya dawo, kuma babban afdet ɗin da ya sa aka koma yabonsa sai 2023. Waɗanda suka jira su suka more. In kuma zuciyarka ta ƙi haƙuri, a Steam, kantin sayen gem na kwamfuta a intanet, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka kai awa 2 kana bugawa ba, sai dai ka lura lokacin da kake ɓatawa wajen saita hoto da sauti ma ana lissafa shi, kuma wasu matsalolin sai an yi nisa suke fitowa. Ka nemi bidiyon mai irin kwamfutarka, ba tallan kamfani ba.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Istanbul fa kake, kusa da garin Izmit inda aka yi girgizar ƙasa a 1999 wadda ta kashe sama da mutum 17,000. In ka ji ta fara, ka durƙusa nan take tun kafin ta kayar da kai, ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari, hannu ɗaya ya kare kai da wuya, ɗayan ya riƙe ƙafar teburin, don shi ma tafiya yake yi. Kar ka nufi bene, kar ka shiga lif, kar ka tsaya bakin ƙofa ko kusa da taga. In a gado ta same ka, ka kwanta rub da ciki ka rufe kai da filo. Kuma dan Allah ban da tsalle, a girgizar Afrilun 2025 a nan garin naku yawancin waɗanda suka ji ciwo firgita ce ta sa suka diro daga sama, ba gini ne ya faɗo musu ba.

In ta lafa ka sa takalmi saboda fasassun gilasai, in ka ji warin gas ka rufe shi kar ka kunna komai, ka sauka ta matakala ka tsaya a fili nesa da gini da wayoyin wuta. Kar ka yi saurin komawa ɗaukar kaya, a Fabrairun 2023 a kudancin Turkiyya, bayan girgiza mai maki 7.8 da asuba, wajen awa 9 sai ga wata mai 7.5.

Hoton ɗakinka da ka turo kwanaki ne ya tsaya min a rai, kantar littattafan nan daidai saman filonka take, ga allon kwamfuta a bakin tebur. Ka matsar da gadon, ka sa a ɗaure kantar da bango. Tocila, ruwa, fawa bank da fasfo su zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Ka kunna gargaɗin girgiza a wayarka, 'yan daƙiƙu kawai yake bayarwa wani lokacin ma babu, kuma in ka toshe kunne biyu da hedfon kana harbi ba jinsa za ka yi ba.

Ka turo min sabon hoto in ka matsar da gadon, ina jira. Gem kuma mu ƙara dubawa bayan afdet biyu ko uku, ƙila ma mu saya tare. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Naka,
abokinka