Wasiƙar Godiya Ga Garejin Da Ya Tayar Da Fijon Mahaifinmu

Assalamu alaikum Malam, kai da yaranka na gareji da abokin aikinka mai rewaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na san ba ka son a riƙa kiran sunanka a bainar jama'a. Ranar da na ce zan rubuta wannan ma hannu ka ɗaga mini, ka ce aiki ne ka yi aka biya ka. To, sunan na bar shi, amma godiyar ba zan bari ba. Masu zuwa sayen kayan mota a Ƙofar Ruwa nan Kano sun san wanda nake nufi, dattijon nan da ba a rasa tsohuwar fijo biyu ko uku a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar garejinsa.

Motar da ka taɓa ta marigayi mahaifinmu ce, Peugeot 504 doguwa mai layin kujeru uku, haɗin kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Tun ina firamare Baba ya saye ta. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, amma mu nan muka riƙe ta har cikin shekarun 2000 ana haɗa ta a Kaduna, bayan can gidansu sun daɗe da dainawa. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya a wancan zamanin ya san kujerar bayanta. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai na lulluɓe ta da tamfol a zauren gida, na ce sai abubuwa sun lafa. Ba su lafa ba. Ta yi fiye da shekara biyu a wurin, har Hajiyarmu ta ce tana son a kai amaryar autanmu a cikinta, kamar yadda aka kai matan yayyensa.

Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba.

Kafin in zo wurinka na kira kanikawa biyu. Na farko bai ko buɗe bonet sosai ba ya ce injin ya kama, wato ya daskare ba ya juyawa, sai dai a sayi wani na tokumbo a ɗora. Na biyu ya rubuta mini kaya cike da takarda, da kik da kwayil da kabureta, duka sababbi, ya ce in ba da kuɗin kafin ya sa hannu. Ban ce mugaye ne ba. Yaran yanzu sun tashi ne a kan motar da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta, ita kuwa wannan ba ta da inda za a jona komai, sai kunne da hanci da haƙuri.

Kai da ka zo, da batirin garejinka ka zo, ka ce kada in sayi ko washa sai mun ji muryarta. Kuma ba ka fara da makulli ba. Ka zare filogai huɗun, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, muka zauna a kan tabarma muka sha shayi. Sannan ka sa sifana a kan babban notin gaban injin, ka juya a hankali. Ya ɗan yi tauri, sai ya saki, ya zagaya. Ka dube ni ka ce, "Alhaji, injin nan lafiyarsa ƙalau, barci yake yi." Wallahi a nan na fara jin sanyi a raina, domin kwana uku ina lissafin kuɗin injin da ba ni da su.

Da aka ɗaura batir aka murɗa, sai "ƙas, ƙas" kawai. Ni na riga na yanke cewa kik ya mutu. Mai rewaya ya bi baƙar wayar batir har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen motar, ya kwance, ya nuna mini tsatsar da ta yi ɓawo a wurin. Ya goge da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, ya goge kan batir ɗin ma, ya ɗaure tamau. Kik ɗin da aka ce in jefar ya juya injin kamar jiya aka kawo shi.

Amma juyawa daban, tashi daban. A nan ka koya wa ƙaramin yaronka, ni ma na tsinta a gefe, cewa injin fetur abu uku yake nema: mai, wuta da iska, kowanne kuma a kan lokacinsa. Ka ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a taɓa na biyu sai an sallami na farko, in ba haka ba ko motar ta tashi ba za a san me ya tayar da ita ba.

Iska ba ta ɗauki lokaci ba: zanzaro ya yi gini a bakin gidan matatar iska, ga ƙurar hunturu biyu a kan matatar. Aka fasa, aka kakkaɓe.

Wutar ce ta fi cin lokaci. Ka zare wayar da ta fito daga kwayil, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, ka ce a murɗa. Tartsatsin da ya fito ja-ja ne, mai rauni, yana zuwa yana ɗaukewa. Ka ce lafiyayye shuɗi ne, kuma ana jin ƙararsa "tas". Ka buɗe hular distiributa, wato abin da ke raba wa filogai wuta, ka nuna mini kwantak ɗin, 'yan bakin ƙarfe biyu da ke buɗewa suna rufewa, sun yi baƙi sun ci rami. Ka sauya su da ɗan kwandensan da ke gefe, ka zaro wata siririyar wuƙar awo daga aljihun gaban rigarka, ka saita tazararsu a kan milimita 0.4. Na tambaye ka ko a sayo kwayil tunda an riga an buɗe, ka ce nata na asali ya fi yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu, da tsohuwar zuma ake magani.

Man kuwa hancinka ne ya gano shi. Ka buɗe murfin tanki ka sunsuna, ka miƙo mini in ji: ba warin fetur ba ne, wari ne kamar na tsohon fenti. Fetur idan ya daɗe a ajiye, mai saurin kamawar cikinsa yakan tashi, ragowar ya zama danƙo ya toshe duk wata ƙaramar kafa. Kuka zuƙe tankin, kuka jawo tiyo daga wata 'yar jarka mai sabon mai. Famfon mai bai ja ba, robar cikinsa ta bushe ta tsage, kuka sauya robar kaɗai. Kaburetar ka warware ta a kan farantin silba don kada ko ƙwaya ɗaya ta ɓace a ƙasa. Da yaron ya ɗauko waya zai zura a 'yan ramukan man, ka buge masa hannu, ka ce waya tana faɗaɗa ramin, mota ta koma shan mai har abada. Wankewa ake yi a hura da iska.

Sai kuma abin kunyata, wanda zan faɗa da bakina tunda kai ka rufa mini asiri a gaban yara. Komai ya kammala, aka murɗa, sai motar ta yi "fam!" ta bakin kabureta har da ɗan harshen wuta, kajin Hajiya suka watse. Ka yi shiru, ka bi wayoyin filogi da yatsa, sannan ka tambaya a hankali ko wani ya taɓa cire su. Ni ne. Makonni kafin nan na kalli wani bidiyo a YouTube, na cire su na goge, na mayar bisa tsarin 1-3-4-2 ina ƙirgawa daga gaban injin. Tsarin daidai ne, ƙirgan ne ba daidai ba. Ashe su Peugeot silinda ta ɗaya tana can baya ne, wajen kuloci, ba ta wajen fanka ba. Karambanin akuya, gai da kura. Ba ka yi dariya ba, ka dai sauya wa wayoyin wuri, ka ce wa yaron ya taka totur sau biyu ya murɗa.

Ta yi tari, ta girgiza, ta fesa hayaƙi mai shuɗi ya cika zauren saboda man da ka ɗiga da safe, sannan ta zauna a kan wannan ƙarar tata da duk 'yan gidanmu suka sani tun daga kan kwana. Hajiya ta leƙo daga tsakar gida da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, ta koma ciki. Daga baya ƙanwata ta ce mini kuka ta je ta yi.

Abin da ya ƙara maka girma a idona shi ne ba ka bar ni na hau titi a ranar ba, duk da zumuɗin da nake yi. Ka ce motar da ta tashi amma ba ta tsayawa ta fi wadda ba ta tashi haɗari. Washegari kuka ja ta gareji, kuka juye baƙin mai da man birki, kuka sauya fanbel da tiyon lagireto ɗaya da ya kumbura, ka kuma nuna mini tsagar da ke gefen tayoyin gaba, ka ce waɗannan ba a yi musu ciniki. Duk abin da kuka cire kun zuba mini a leda kun ba ni, tare da rasiɗin kowane shago. In ban da tayoyi da batir, kuɗin kayan da suka tayar da ita bai kai na cika tankinta sau ɗaya ba.

An kai amarya ranar Asabar, motar na gaba, sababbin motocin abokan ango na binta a baya. Ina kuma bin umarninka: kowace Juma'a ina fita da ita ta yi zafi sosai, in kuma zan yi tafiya mai nisa in bar ta a gida, sai in cire wayar batir.

Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya ƙara lafiya da buɗi, ya yi wa yaranka albarka su gaji hannunka da halinka. Hajiya ta ce a gaishe ka, kuma akwai ƙullin alkaki da dubulan na biki da ta ajiye muku. Zan kawo ranar Juma'a, a cikin fijon.

Wassalam,
Ɗan gidan mai farar fijo, Kano.