Sanarwa: zamanmu na Asabar a kan kalmar "mazubi"

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Da fatan an yini lafiya.

Za mu zauna ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 4:30, bayan La'asar, a wurin da muka saba a Mabera. Dalili shi ne gardamar da ta tashi a nan rukuni a kan "mazubi". Wasu sun ce duk abin da ake zuba wani abu a ciki mazubi ne, wasu suka ce a'a, a raba mai ajiya da mai ɗauka. Ni dai ina tare da na biyu. Randa zaune take, tulu ke zuwa rijiya. Rumbu ba ya motsi, amma mangala da taiki a bayan jaki suke aiki. Salka ta ruwa ce, tandu na mai ko kwalli, kuma ba wanda zai ce da masaki ƙoƙo. Sai "jirgi", wanda masuntan Kwalkwalawa suka sani tun kafin a ga na ƙasa da na sama.

Kowa ya zo da kalmomi 5, kowace da jimlarta da garin da ya ji ta. A tambayi tsofaffi, musamman iyayenmu mata, su ke da sunayen ƙwarya da tukwane. A turo muryar mai faɗa, don mu ji furucin Sakkwatanci yadda yake. Kuɗin buga takarda naira 500 ne, a ba ma'aji kafin Alhamis.

Don Allah a dakatar da gardamar sai mun haɗu. Allah ya kai mu lafiya.

Naku,
Sakatare