Wasiƙa daga Dakar: Mutum-mutumin Wade

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Mu ma nan Dakar lafiya lau, sai tsadar haya.

Ka tambaye ni labarin ƙaton mutum-mutumin da ka gani a hoto. Ana kiransa Mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka, yana unguwar Wakam, bisa ɗaya daga cikin tagwayen duwatsun Mamelles. Ɗaya dutsen yana ɗauke da hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora tun 1864. Da tagulla aka ƙera shi, tsayinsa mita 49, kuma kafin ka kai gindinsa sai ka taka matakala 198. Mai ciwon gwiwa irinka, daga ƙasa zai yi kallo.

Mutum uku ne a jikinsa. Ga ƙaƙƙarfan namiji ba riga, ya riƙo mace da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ɗaga yaro sama, yaron kuma yana nuna tekun Atilantika da yatsa. Manufar ita ce a nuna Afirka ta miƙe, ta fito daga duhun bauta da mulkin mallaka. Shugaba Abdoulaye Wade ne ya ƙaddamar da shi ranar 3 ga Afrilu, 2010, jajibirin cikar Senegal shekara 50 da samun 'yancin kai, a gaban shugabannin Afirka da dama.

Tun kafin bikin gari ya ɗau zafi. Limamai sun yi ta huɗuba suna cewa gunki ne, ba shi da gurbi a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na jama'arta Musulmi ne, balle ga matar da ɗan guntun zane, cinya a waje. Garin kare kansa, Wade ya kawo misalin siffofin Annabi Isa da ke cikin coci-coci, sai ya tsokano fushin Kiristoci, har sai da aka ba su haƙuri. Ga kuma batun kuɗi: kimanin dala miliyan 27, a lokacin da ake fama da ɗauke wuta da ambaliya a unguwannin talakawa. Bai tsaya nan ba, ya ce tunda shi ya kawo tunanin, kashi 35 cikin ɗari na kuɗin shigar wurin nasa ne. Ka ji fa!

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Ko da yake Pierre Goudiaby Atepa, wanda ya tsara aikin, ɗan Senegal ne, kamfanin Mansudae na Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi. Su ne suka gina maƙabartar gwarzaye a Namibiya da Zimbabuwe, kuma hannunsu ɗaya ne ko'ina: ƙirji a banƙare, damtse a murɗe, ido a sama, irin na sojojin gurguzu. Ka zaga kasuwar Sandaga tun safe har yamma, ba za ka haɗu da magidanci mai wannan shiga ba, ko uwar da ake janta a baya haka. Alhali a lokacin Ousmane Sow yana raye, ɗan Senegal ɗin nan gwanin sassaƙa da har Faransa ta sara masa, kuma shi ma bai ɓoye sukarsa ba. Yaya za a ce Afirka ta tsaya da ƙafarta, sannan a ɗauko baƙi su zana mata fuska? Zanen aro ai ba ya rufe katara.

Wade ya sha kaye a hannun Macky Sall a zaɓen 2012, hayaniyar kuma ta lafa. Yanzu da yamma matasa ne ke tsere a kan matakalar don motsa jiki, 'yan makaranta na zuwa rukuni-rukuni, baƙi kuma suna biyan kuɗi a hau da su har cikin kan mutumin, su hango birnin da teku ta tagogi. In Allah Ya kawo ka, ni zan biya mana.

Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Inna ina neman addu'a.

Wassalam.
Naka,
Habu