A Buɗe wa Yaranmu Ƙofar Koyon Aiki da Biya a Dogon Hutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da masu masana'antu da 'yan kasuwar Jihar Kebbi, da kuma iyaye 'yan uwana, kan yadda yaranmu na sakandare ke cinye dogon hutu.

Ni malamar firamare ce a Argungu, uwar 'ya'ya biyar. Babban ɗana shekararsa 17. Bara da aka yi hutun ƙarshen zango na uku, ya gama aji biyu na babbar sakandare, ba abin da ke gabansa sai barcin hantsi da zaman majalisa da waya a hannu. Gonar mahaifinsa ba ta da girman da za ta riƙe shi duk damina, kwana uku an gama noma. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san irin abokan da zaman banza ke jawo wa yaro.

Allah cikin ikonsa, baffansa ya haɗa shi da mai wani ƙaramin injin casar shinkafa a nan cikin gari. Bawan Allahn nan ya ce zai ɗauke shi sati shida, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, ran Juma'a a tashi da wuri, zai ba shi abincin rana da naira 6,000 duk ƙarshen sati. Ya rubuta haka a takarda, shi da mahaifin yaron suka sa hannu. Kuma ya faɗa tun farko cewa ba zai sa shi dako ba, ba zai bari ya taɓa inji ba. Wurin sikeli ya ajiye shi da littafi da biro.

Edita, abin da na gani a satukan nan shida shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yaron da sai na yi ta faɗa kafin ya tashi, ya koma ana idar da sallar asuba ba ya komawa barci. Da la'asar zai shigo da ƙurar buntu har a gashin ido, bakinsa cike da labari. Wata rana ya ɗebo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga buhuna, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya ciza, ya ce, "Inna, wannan ba ta gama bushewa ba, da ta bushe da kin ji ta ce ƙas." Wani dattijo a wurin aikin ne ya koya masa, sannan ya nuna masa na'urar auna danshi, ya ce sai ta nuna kusan kashi 14 cikin ɗari kafin shinkafa ta shiga inji, in ba haka ba ta kakkarye ko ta yi fumfuna a ajiya. Daga nan ya zauna a tabarma yana lissafa mini yadda buhun shanshera ke raguwa zuwa wajen kashi biyu bisa uku in an cashe, da abin da manomi zai yi asara in ya kawo ta da danshi. Wannan lissafin kashi cikin ɗari shi ne abin da ya sha faɗuwa a kansa a aji. Da ya ga kuɗin mutane ya rataya a kan abin da ya rubuta, sai ya zauna masa a kai.

Ranar da aka fara biyan shi ba zan manta ba. Ya naɗo kuɗin a takardar rasit, ya durƙusa ya ajiye a gabana ya ce in sa albarka. Na cire naira 500 na mayar masa da sauran. Kafin a koma makaranta ya sayi littafin tsofaffin tambayoyin WAEC da takalmi, ya yi wa autarmu ɗinki.

Na san akwai masu cewa ai koyon shi ne ladan, me ya kawo zancen biya? Ni na ga ɗaya gefen. Shekarar da ta gabaci wannan mun kai shi wani garejin gyara ba tare da wata yarjejeniya ba. Sati biyu ya yi yana sayo wa manya abinci da wanke babur ɗin maigida, ko sifana ba a miƙa masa ba, ko na ruwa ba a ba shi ba. Ya dawo ya ce ba zai koma ba, ni kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ke fitar da kuɗinsa duk sati ba zai bar yaro yana zaune ba, dole ya nemo masa aiki na gaske ya kuma nuna masa yadda ake yi. Shi ma yaron, da ya san ana biyan shi, kunyar makara yake ji. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni yaron shago da yaron maƙera suna cin abinci a gidan ubangida, ana ba su na sabulu, a yi musu kayan salla. Abin da ya rage kawai a tsara shi ya dace da yaron da zai koma aji a watan Satumba.

Na karanta cewa a birnin New York na Amurka hukuma na da shirin da ke sama wa matasa 'yan shekara 14 zuwa 24 aikin sati shida da biya a lokacin hutunsu na bazara, kuma tun 1963 ake yin sa. Mu a nan muna da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, amma na ɗaliban jami'a ne da foliteknik da kwalejojin ilimi. Yaron sakandare ba ya ciki, alhali da yawa daga cikinsu karatu a nan yake tsayawa, su ne kuma suka fi bukatar a ce hannunsu ya taɓa wani aiki.

Wurin koyo kuwa Kebbi ba ta rasa ba. A nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Ga kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu da aka buɗe a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injina birjik daga Augie zuwa Jega, Bunza da Yauri. Ban da shinkafa akwai masu haɗa sola, masu gyaran injin ban ruwa, shagunan magani, wuraren buga takardu da kwamfuta. Da kowannensu zai ɗauki yaro biyu ko uku na sati shida, da majalisun unguwanni sun ragu.

Amma a yi shi da ka'ida, kada a fake da koyo a samu leburori masu arha. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, wanda bai kai 16 ba kuma ta hana a sa shi kan inji, ko ya wuce awa takwas a rana. Wurin aikin ya kasance a garin da yaron yake, ya kwana a gidansu. Tun da aka sace ɗaliban Birnin Yauri a Yunin 2021, ba uwar da hankalinta ke kwanciya in ɗanta ya yi nisa. 'Yan mata kuma kada a bar su baya. Ƙanwarsa mai bi masa ta tambaye ni, "Inna, ni fa?" Na rasa amsar da zan ba ta. Ga mata masu gumin shinkafa da masu shagon ɗinki da na magani, in aka sa yarinya ƙarƙashin mace mai mutunci iyaye za su yarda.

Iyaye kuma mu buɗe ido da tallan da ke yawo a Facebook da WhatsApp na "aikin hutu ga ɗalibai". Ɗan maƙwabciyata ya tura kuɗin fom, daga ranar layin ya daina shiga. Duk wanda ya ce yaro ya fara biya kafin a ɗauke shi, a bar shi da fom ɗinsa. A je wurin da ƙafa, a ga mai wurin ido da ido.

Roƙona ga ma'aikatar ilimi ta jiha shi ne ta zauna da ƙungiyoyin masu injin shinkafa da na 'yan kasuwa tun kafin watan Yuli. Shugabannin makarantu su zaɓo yaran da suka gama aji biyu na babbar sakandare, a rubuta kwanaki da abin da za a biya, a ƙarshe a ba yaro takardar shaida. In ƙananan wurare ba za su iya biya su kaɗai ba, gwamnati ta ɗauki rabi. Mai injin da ɗana ya yi wa aiki ya riga ya aiko cewa in ya gama NECO ya dawo, ya zo da aboki ɗaya mai hankali. Yara huɗu ne suka zo ƙofar gidana suna roƙon a zaɓe su.

Wassalam.

Daga wata malamar firamare,
Argungu, Jihar Kebbi.