Wasiƙa ga Iyaye: Abin da Yaranmu Ke Nema a Cikin Ruwa

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Wasunku sun tambaye ni dalilin da ya sa yara ke ta tara tsofaffin kwalabe, suna kuma hirar ƙwarin cikin ruwa. Daga ajin kimiyya abin ya fito. A wannan zangon muna karatun ruwan daɗi, wato koguna da tafkuna da ƙoramu da fadamu, da halittun da ke rayuwa a cikinsu.

Ruwan daɗi bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na ruwan duniya ba, kuma akasarinsa ƙanƙara ce ko ruwan ƙarƙashin ƙasa. Koguna da tafkuna ba su rufe ko kashi ɗaya cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma kusan rabin nau'o'in kifin duniya a nan suke. Wannan ɗan wuri mai arziki shi ne ya fi shan wuya. A rahoton da ƙungiyar kare namun daji ta duniya, wato WWF, ta fitar a 2024, yawan dabbobin ruwan daɗi da masana ke bibiya ya ragu da kashi 85 cikin ɗari, a matsakaici, tsakanin 1970 da 2020. A farkon 2025 kuma mujallar Nature ta buga wani bincike da ya duba nau'i sama da 23,000 na kifi da ƙaguwa da jatan lande da mazari, ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na fuskantar ƙarewa.

Alƙaluma ba sa zama a kan yaro kamar labari, shi ya sa na fi daɗewa da su a kan wani tafki da ke arewa maso yammacin Ontario a Kanada. A shekarun baya an yi ta gardama kan abin da ke sa tafki ya koma kore shar da gansakuka, har kifi ya mutu. A 1973 wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani ƙaramin tafki, da ake kira Tafki na 226, gida biyu da labulen roba. Suka zuba sinadaran kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, amma a ɓangare ɗaya suka ƙara fosforas, sinadarin da ake samu a takin zamani. Ɓangaren fosforas ɗin ne ya turnuƙe da kore, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya kashe bakin gardama, ya kuma taimaka wajen kafa dokokin rage fosforas a garin sabulun wanki. Yadda abin ke faruwa shi ne, gansakuka ta samu abinci ta yaɗu, in ta mutu ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, a nan su cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gona ma haka yake yi. Abin da nake so yara su riƙe daga nan shi ne dabarar: ka canja abu ɗaya tak, ka bar sauran yadda suke, sannan ka zuba ido.

Mun kuma taɓa Tafkin Victoria da ke gabashin Afirka, inda aka saka giwan ruwa mai cin ƙananan kifaye a shekarun 1950, daga baya ƙananan kifaye kimanin nau'i 200 da babu irinsu a ko'ina suka ɓace. Wannan ya taɓa zukatan yaran sosai, ni ma haka.

Yanzu aikinsu ne ya rage. Kowane rukuni zai duba ruwan da mu malamai za mu ɗebo, su ƙirga halittun ciki da gilashin ƙara girma, su rubuta. Masana ma haka suke yi, domin wasu 'ya'yan ƙwari ba sa rayuwa sai a ruwa mai tsabta da wadatar oksijin, yayin da jajayen tsutsotsi ke jure ƙazanta. Wanda ka tarar a ruwa shi ke ba ka labarin lafiyarsa. Za mu maimaita ƙirgar kowane mako, saboda duba ɗaya ba ya nuna canji.

Ina roƙonku abu biyu. Don Allah kada a bar yaro ya je ɗibar ruwa da kansa da sunan aikin makaranta, ko ya shiga rafi ko kududdufi. Ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke da dodon koɗi. Na biyu, a ba kowane yaro kwalba mai murfi a wanke, da ƙaramin littafin rubutu. Wanda kuma ya san wani ruwa tun yarintarsa, ya zauna da ɗansa ya faɗa masa kifayen da ake samu a da da waɗanda aka daina gani, yaron ya rubuto mana.

Na gode ƙwarai. Allah Ya raya mana su.

Malamin kimiyya